A Daina Yanka Wa Masu Tallan Magani Adadi

Duk wanda ya taɓa jan motar haya ko babur ɗin wani a Legas ko Badun ya san abin da ake ce wa balas. Mai mota shi ke yanke abin da za a kawo masa kullum da yamma, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko hanya ta cushe ko ta buɗe. Idan abin da ya yanke ya fi ƙarfin aikin yini, direba ba shi da wata dabara sai gudu da lodin da ya wuce ƙa'ida. Ranar da aka yi haɗari kuwa, direba ne a hannun 'yan sanda, mai mota yana gida. To, wannan al'ada ta daɗe da shiga cinikin magunguna, kuma ɓarnar da take yi a can ta fi ta kan titi nesa ba kusa ba.

Kamfanonin magani suna da wakilai, watau masu talla da ke bin asibitoci da kantuna da jaka a hannu suna ganin likitoci. Idan an fito da sabon magani, sai a raba musu ƙasa yanki-yanki, a yanka wa kowa adadin da zai sayar. Wanda ya cika ya sami la'ada, wanda ya kasa a ja masa kunne, in ya sake kasawa a sallame shi. Da sabulu ne ko ashana, da babu mai cewa uffan. Amma maganin kashe ciwo mai ƙarfi, irin na dangin ofiyam, ba haka yake ba, domin masu bukatarsa ta gaskiya a kowane gari ba sa ƙaruwa don wani manaja ya rubuta lamba a takarda. Idan lambar ta fi yawan majinyata, dole ne mai talla ya nemo masu sha a wani wuri.

Ba mu faɗi wannan da ka ba, an gani a Amurka. A shekarar 1996 kamfanin Purdue Pharma, mallakar iyalin Sackler, ya fito da ƙwayar OxyContin. A wannan shekara cinikinta dala miliyan 48 ne, amma kafin ƙarshen 2000 ya kusa dala biliyan 1.1 a shekara. Cikin wannan ɗan lokaci masu tallan kamfanin suka tashi daga 318 zuwa 671. Yadda ake biyansu shi ne abin dubawa. A 2001 matsakaicin albashin mai talla dala 55,000 ne a shekara, alhali kuwa matsakaiciyar la'ada dala 71,500 ce, har akwai wanda ya karɓi kusan dala 240,000. Watau la'ada ta fi albashi, kuma ana lissafa ta ne a kan yadda ciniki ya ƙaru a yankin mutum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta yaya aka cika adadin? Masu cutar daji, waɗanda a da su aka fi ba irin wannan magani, ba za su isa ba. Saboda haka aka tura masu talla wurin ƙananan likitocin unguwa, su lallashe su su riƙa rubuta shi don ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Idan likita ya nuna tsoron kada majinyaci ya kamu da jarabar ƙwayar, an riga an koya wa mai talla amsa: wai waɗanda ke kamuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin da aka jingina wannan magana a kansu wata 'yar wasiƙa ce mai jimla biyar da aka buga a wata mujallar likitoci a 1980, ita kuwa tana magana ne a kan marasa lafiya da ke kwance a asibiti ƙarƙashin idon likita, ba mutumin da aka ba kwalba ya tafi gida ya yi wata da watanni yana sha ba. Har takardun karɓar magani kyauta aka riƙa rabawa, na mako guda zuwa wata guda, yadda mai tsire ke ba da ɗanɗano.

Abin da ya fi muni shi ne maganar awa 12. Da ita aka tallata ƙwayar, cewa sau biyu a rana ya isa. Da majinyata suka fara kukan cewa ciwo yana dawowa kafin lokaci, sai aka umurci masu talla su gaya wa likitoci kada su ƙara yawan lokutan sha, su ƙara ƙarfin ƙwayar. Ƙwaya mai ƙarfi kuwa ta fi tsada, la'adarta ta fi tsoka, kuma ita ta fi saurin kai mutum kabari.

A 2007 kamfanin da manyan jami'ansa uku suka amsa laifin yaudara game da haɗarin maganin, aka ci su tarar dala miliyan 634, amma babu wanda ya kwana a kurkuku. A 2020 kamfanin ya sake amsa wasu laifuka, cikinsu har da ba likitoci toshiyar baki da sunan ladan lacca. Wani kamfanin kuma, Insys, ya fito da Subsys a 2012 don masu cutar daji kaɗai, ya bi wannan hanya har ya zarce, shi kam mai shi, John Kapoor, an ɗaure shi shekara biyar da rabi a 2020. Tsakanin 1999 da 2021 mutum fiye da 600,000 ne suka mutu a Amurka ta sanadin ƙwayoyin wannan dangi, na asibiti da na bayan fage.

Ba muna wanke masu talla ba ne. Baligi ne ya ɗauki jaka ya faɗi abin da aka sa shi, kuma da yawansu sun ga layin da ke ƙofar wasu likitoci sun kau da kai. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya zauna a ofis ya yanka adadin da ya san ba a cika shi ta halal, laifinsa ya fi na yaron da ke tsoron rasa abincin iyalinsa. Haka nan ba muna cewa a hana maganin ba. Mai cutar daji da wanda aka yi wa tiyata suna da hakkin a sauƙaƙa musu azaba, kuma a asibitocinmu ma ƙarancinsa ne ke damun irin waɗannan bayin Allah.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne. A 2018 binciken BBC ya nuna ma'aikatan wasu kamfanonin magani na ƙasar nan suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, ba da takardar likita ba, har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na shekarar. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 4.6 sun sha irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba a 2017. Su wane ne waɗannan? Cikinsu akwai 'yan'uwanmu 'yan dako da masu tura baro da 'yan ga-ruwa a Agege da Mile 12 da Sabo, waɗanda suka baro gida neman halal, aka ce musu ga maganin gajiya.

Don haka muna kira ga Hukumar NAFDAC da majalisar da ke kula da masu harhaɗa magunguna su sa doka a fili: duk maganin da ke cikin jerin masu sa jaraba, kada a yanka wa mai tallansa adadi, kada kuma a ɗaura la'adarsa a kan yawan abin da ya sayar. A biya shi albashi a kan iliminsa da gaskiyar bayanin da yake kai wa likita. Kamfanin da zai fito da sabon maganin ciwo ya miƙa wa hukuma tsarin biyan masu tallansa tare da takardun neman rajista. In kuma aka kama kaya a kasuwar bayan fage, kada NDLEA ta tsaya a kan yaron da ke riƙe da kwali, ta bi takarda har teburin wanda ya sa hannu a kan adadin.