"AN RIGA AN BA WANI"

'Yan'uwa, duk baƙin mutum da ya taɓa neman ɗakin haya a birnin Pari ya san wannan magana. A tarho, mai gida ya ce ɗaki na nan, a zo a gani. Da ka iso ya dubi fuskarka, sai ɗaki ya zama an riga an ba wani. Wani ma ba ya jira ya gan ka. Sunanka ya ishe shi, in Musa ne ko Amadu.

Kada a ce zargi ne. A 2022 ƙungiyar SOS Racisme ta buga wa dillalan gidaje 136 tarho, tana yi kamar mai gida ce da ba ta son baƙar fata ko Balarabe. Kusan rabinsu suka yarda: wasu suka ce su da kansu za su tace, wasu suka ce mai gida ya zaɓa son ransa. Alhali dokar Faransa ta hana wannan tun 1972, kuma yau hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000. To, wa zai kawo shaida? Mai gida ba ya rubuta dalilinsa. Ya dai ce kawo mai tsaya maka ɗan ƙasa, kawo takardar albashi ninki 3 na kuɗin haya.

Wanda aka kora daga ƙofa goma, ina zai kwana? Sai ya faɗa hannun waɗanda Faransawa da kansu ke kira 'yan kasuwar barci, masu cusa mutane a kango suna karɓar kuɗin gado ɗaya-ɗaya. Nan ne abin ya wuce wulaƙanci ya kai ga rai. Daren 1 ga Janairu 1970, a Obarbiliye, bakin Pari, ma'aikata 5 'yan Afirka suka hura wuta don sanyi a irin wannan gida, hayaƙi ya kashe su. Gwamnati ta yi doka a kan rusassun gidaje cikin shekarar. Shekara 35 bayan haka, a Agusta 2005, gobara ta cinye mutum 17 a wani tsohon bene na titin Vincent-Auriol, 14 yara ne. Iyayensu mutanen Afirka ta Yamma ne, masu aiki, sun yi shekaru suna jiran a ba su gida na kirki.

Mu dai muna cewa, a riƙa tura masu bincike su gwada dillalai ba zato, wanda aka kama a hana shi sana'ar. Ɗalibanmu da ma'aikatanmu kuwa, in an kore ku, ku ajiye saƙon, ku rubuta rana da sa'a, ku sa aboki Bafaranshe ya nemi ɗakin a bayanku. Kotun Faransa tana karɓar irin wannan shaida.