Kun Yarda da Mai Shan Jini, Kun Ƙi 'Yar Mayu

A bara aka fasa wani aure a unguwarmu a Getso, bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, har tela ya fara yanka anko. Ba a kama yarinyar da laifin komai ba. Ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, kuma duk wanda ya san ta ya san ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Dangin ango ne suka tura a yi bincike kamar yadda aka saba, mai binciken ya dawo da magana guda ɗaya: wai kakarta ta wajen uwa, wadda ta rasu tun ba a haifi yarinyar ba, an taɓa cewa ta kama kurwar wani yaro. Shi ke nan. Aka aiko a kwashe lefe. Angon da ya yi shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidansu bai ce uffan ba.

A cikin dangin angon babu wadda ta kai ƙanwarsa zaƙewa. Ita ke bi gida gida tana cewa Allah ya tsare su da haɗa iri da mayu. Na kuwa san abin da take karantawa a wayarta, domin rukuninsu ɗaya na karatun littattafai a WhatsApp da ƙanwata. A daidai wannan makon suna tsakiyar wani littafi ne da jaruminsa ke shan jinin mutane da daddare, da rana kuma ya sa kwat ya tafi kamfaninsa. Ƙanwata ta ce ranar da jarumar ta gano asirinsa ta ce duk da haka tana son sa, wannan yarinya har kuka ta yi, ta rubuta cewa so na gaskiya ba ya duba asali.

Wannan munafuncin nake so mu zauna a kansa, mu marubuta da masu karatu.

Ga wanda bai san inda abin ya samo tushe ba: a 2005 wata Ba'amurkiya mai suna Stephenie Meyer ta fitar da littafin Twilight. Yarinya ce 'yar shekara 17, Bella Swan, ta koma wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama da ake kira Forks, ta faɗa son wani ɗan makarantarsu, Edward Cullen. Ashe Edward bamfaya ne, wato gawar da ta ƙi kwanciya, mai rayuwa da jini. An haife shi a 1901, ya rikiɗe a 1918, saboda haka ya haura shekara ɗari amma fuskarsa ta ɗan sha bakwai ce. Littattafai huɗu aka yi zuwa 2008, aka sayar da kofi sama da miliyan 100, aka yi finafinai biyar daga 2008 zuwa 2012. Daga nan ƙofa ta buɗe, kowa ya kama rubuta irinsa, har guguwar ta iso wayoyin 'ya'yanmu ta Wattpad da finafinan fassara.

Da ta iso wurinmu sai ta sauya riga. Wasu marubutan sun bar shi a bamfayansa, sun dai raɗa masa sunan Musulmi sun ajiye shi a Abuja. Mafi yawa sun mayar da shi aljani: yarima ne, ɗan sarkin aljanu, fari sol, dogo, mai ƙwayar ido kamar ta mage, ba ya dariya, ba ya magana sai da dalili, kuɗi kuwa ba a zancensu. Yarinyar kuma kusan kullum marainiya ce da kishiyar uwa ke gana wa azaba, ko 'yar ƙauye mai tallar nono. Ku cire masa fiffike da haƙoran, za ku ga wanda kuka riga kuka sani: miskilin attajirin nan ne da ya cika littattafanmu, an dai ƙara masa ikon ratsa bango.

Ikon ratsa bangon nan shi ne farkon abin da ke damuna. Edward yana shiga ɗakin Bella da dare ba da saninta ba, ya zauna yana kallonta tana barci. A littafi na uku har motarta ya lalata don kada ta je wurin abokinta. Namu ya fi shi. Yana bin ta banɗaki, yana jin abin da take saƙawa a zuciya, duk saurayin da ya zo zance wurinta sai ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ya haukace. In ta yi masa gardama ya shaƙe ta, in ta suma ya rungume ta yana kuka. Marubuciya ta kira wannan kishi, masu karatu su yi ta aiko da hoton zuciya. Yarinyar da ta sha irin wannan karatu tun tana sha huɗu, ranar da saurayi ɗan Adam ya ƙwace wayarta yana bincike, ya hana ta zuwa bikin ƙawarta, ya kwaɗa mata mari ya dawo yana ba da haƙuri, me kuke so ta kira shi? An riga an koya mata sunansa.

A zahiri kuwa mun san yadda ake ƙarewa da macen da aka ce aljani ya aure ta. Namijin dare ake cewa, kuma ba ya saya wa kowa gida a Maitama. Wurin masu ruƙiyya ake kai ta, a yi ta hayaƙi, wani lokaci har da bulala, manema su watse. Malamai ma tun da daɗewa sun yi magana a kan auren mutum da aljani, kuma an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi shi ne don gudun kada mace ta zo da ciki ta ce na mijinta aljani ne.

Kada wani ya ce mini ai baƙon abu ne aka kawo mana. Kakanninmu sun riga Meyer. Wa bai san tatsuniyar yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta kori samarin garinsu kaf, sai ga wani kyakkyawan baƙo da babu ko ƙwarzane a jikinsa, ta bi shi, sai da suka yi nisa a daji ya koma ainihinsa? Ga kyakkyawan baƙo, ga asiri, ga yarinya mai kafiya, duk kayan haɗin Twilight suna nan. Sai dai tsohuwar da ke ba da tatsuniyar ta san dodo dodo ne, yarinyar kuma da ƙyar take tsira da ranta. Mu yanzu mun ɗauki wannan labari mun ɗaura masa aure a ƙarshe, har da 'yan biyu.

To amma duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne mun yi ƙarya wajen fassarar. Bamfayan Bahaushe ba aljani ba ne, maye ne. Ku duba: yana zaune cikin mutane ba a gane shi, yana rayuwa ne da cin ran wasu, yunwarsa ta fi ƙarfinsa, kuma abin yana bin jini. An ce ƙanƙara ce a cikinsa, an ce a nono ake sha, shi ya sa aka fi tsoron wadda ta gado ta wajen uwa, shi ya sa kuma kakar yarinyar unguwarmu ta isa ta rusa mata aure daga cikin kabari. Duk marubucin da yake son ya rubuta soyayyar mutum da mai cin mutane da gaske, a gabansa take, ba sai ya je Forks ba. Me ya sa ake kauce mata?

Saboda maye ba shi da kyau a ido, kuma ba shi da mota. Wa ake kira mayya a garuruwanmu? Tsohuwar da mijinta ya mutu, wadda ba ta da ɗa namijin da zai tsaya mata. Matar da aka auro daga nesa ba ta da dangi a kusa. Mai jan ido saboda hayaƙin murhu na shekara arba'in. Wadda tsufa ya sa ta fara sambatu. Ban taɓa jin an tsare matar mai kuɗi an ce sai ta tuɓe ta tsallaka marar lafiya ba. Yaro ya kwana da zazzaɓi mai zafi, ya yi ta surutai ya ambaci sunan maƙwabciya, maimakon a nufi asibitin Gwarzo a gwada jininsa sai a nufi ƙofar gidanta da sanduna. In ta wuce yara na tofar da yawu suna kurwata kur. Ranar kasuwa ta kasa kayanta su wuni babu mai taya.

Wanda yake ganin na cika baki ya tuna shari'ar da aka yanke a Kano a watan Fabrairun 2025. Babbar kotun jiha ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a gonarta, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil, a 2023. Dalilinsu? Matar ɗaya daga cikinsu ba ta da lafiya, ta yi mafarki dattijuwar ta biyo ta da wuƙa. Mafarki ɗaya ya ci rai guda, ya ajiye wasu biyar a bakin igiya. Dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta mayar da jifan mutum da maita laifi, amma mutum nawa ne a karkara suka san haka, kuma mace nawa ce za ta iya kai ƙarar unguwa guda?

Turawa sun samu damar wasa da bamfaya ne saboda sun gama da shi. Su ma sun taɓa yarda da shi da gaske. A 1725 mutanen wani ƙauye a Sabiya sun tone kabarin wani mutum suka soke gawar da itace suka ƙone ta, don sun ce shi ke tashi yana kashe su. Abin ya yaɗu har sai da sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta hana tone-tonen a 1755. Ku lura, ko a lokacin ma gawa suke zargi. Da tsoron ya mutu sai ya koma kayan marubuta: Bram Stoker ya yi Dracula a 1897, bayan shekara ɗari da 'yan kai aka wanke shi aka shafa masa mai ya zama saurayi. Yau babu wata tsohuwa a Amurka da za a jefa saboda an karanta Twilight. Namu mai cin mutanen yana raye, yana da suna, yana da gida a bayan masallaci, kuma jikarsa tana zaune an kwashe mata lefe.

Na san abin da za a ce. Za a ce labari ne kawai, nishaɗi ne, a bar yara su huta. Na yarda mutum na da haƙƙin ya huta, ni ma na karanta Ruwan Bagaja da Gandoki na ji daɗin aljanunsu. Kuma ba na cikin masu kiran a ƙona littafi. Mun ga an yi haka a Kano a 2007, lokacin A Daidaita Sahu, ba ta hana kowa karatu ba, littattafan ma sai suka ƙaura cikin waya inda babu ashanar da za ta kai gare su. Amma marubucin da ke cewa alƙalaminsa na gyaran al'umma ne, kamar yadda kusan kowa ke rubutawa a shafin farko, ba zai dawo ya fake da nishaɗi ba in an tambaye shi me ya gyara.

Wasu kuma za su ce rubutu a kan maita zai ƙara wa camfin ƙarfi. Zai ƙara, in an rubuta shi yadda finafinanmu suka saba, inda za a nuna tsohuwa ta rikiɗe ta zama mage, malam ya zo ya ƙone ta, a tashi an tabbatar wa mai kallo cewa zargin gaskiya ne. Ba shi nake nema ba. Ina neman labarin da za a tsaya a cikin gidan da ake zargi. Yadda yarinya ke fara gane cewa ƙawayenta ba sa cin abincin gidansu. Yadda uwarta ke ɓoye mata dalili. Saurayin da zai zaɓa tsakanin ta da mahaifiyarsa, kuma shi kansa in dare ya yi yana tambayar zuciyarsa, in fa gaskiya ne? In kuna neman tsoro da asiri da so mai haɗari, wanne yariman aljanu ne zai ba ku abin da ya kai wannan?

Kuma ba sabon aiki ba ne ga adabinmu. Littattafan soyayyar da aka yi ta zagi a shekarun 1990 sun taɓa abin da ke ciwo. Ado Ahmad Gidan Dabino a In Da So Da Ƙauna ya ɗauki 'yar masu kuɗi da ɗan talaka ya dafa wa iyaye tambaya a kan auren kuɗi. Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne ta bi matar da miji ya kora da 'ya'yanta. Sun sha suka don sun rubuta abin da ke faruwa a zaure da tsakar gida, kuma har yau ana karanta su. Su sun yi da keken rubutu da kuɗin aljihunsu. Mu da ke da masu karatu dubbai a tafin hannu, kullum suna jiran shafi na gaba, mun zaɓi mu kai su fadar da ke ƙarƙashin teku.

Yarinyar unguwarmu an tura ta wurin wata gwaggonta a wajen Kabo, wai ko a can za a dace da wanda bai ji labari ba. Uwarta ta daina zuwa suna da biki. Angon ya yi aurensa bayan sallar layya, da lefen da aka kwaso. Ƙanwarsa kuwa, in ji ƙanwata, sun gama wancan littafin sun shiga wani. A wannan karon jarumin maciji ne.