Koyon sassaƙar ƙarfe a masana'antun jiragen sama: ba a fafe gora ranar tafiya

A ƙarshen shekarar 2024, kamfanin Airbus mai ƙera jiragen sama, wanda babbar cibiyarsa take a birnin Tuluz na kudancin Faransa, yana da jirage dubu 8 da 658 waɗanda aka yi alkawarin saye amma ba a kai ga ƙera su ba. A cikin wannan shekara jirage 766 ya miƙa wa masu su. Ke nan, in da za a ci gaba da tafiya a haka, sai an shafe shekara 11 kafin a sallami mai saye na ƙarshe. Masu saye suna nan, kuɗi kuma suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan haɗi, da ƙwararrun ma'aikatan da ke sassaƙa su. Wannan shi ya sa maganar yaron da ke shiga koyon sana'ar ƙarfe a irin waɗannan masana'antu ta wuce maganar iyali, ta zama maganar gwamnatoci da manyan kamfanoni.

Makarantar da ke cikin masana'anta

Tuluz ta daɗe da sanin wannan sana'a. A can ne jirgin Caravelle ya fara tashi a 1955, a can ne kuma Concorde ya fara tashi a 1969. Tun a 1949, wato shekara 21 kafin a kafa Airbus, aka buɗe makarantar koyon sana'a domin masana'antun jirage na birnin. Ita ce a yau ake kira Lycée Airbus, kuma tana cikin harabar masana'antar Saint-Éloi, inda ake ƙera maƙalin injin, wato ƙarfen nan da ke riƙe injin jirgi a ƙarƙashin fiffike.

Yaro ko yarinya kan shiga wannan makaranta bayan ajin ƙarshe na kwaleji, yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka. Yakan yi shekara 3 kafin ya sami bakaloriya ta sana'a. Akwai masu koyon sassaƙar ƙarfe da inji, akwai masu koyon lanƙwasa faranti da walda, akwai masu koyon haɗa gangar jikin jirgi, akwai kuma masu koyon aikin lantarki. Amfanin zaman makaranta cikin masana'anta a fili yake: ɗalibi yana ganin gwanaye suna aiki tun ranar farko, kuma abin da aka koya masa a allo da safe yana iya taɓa shi da hannu da rana.

Abin da ɗan koyo yake fara koya

Wanda bai san sana'ar ba zai zaci inji ake fara nuna wa yaro. A'a, awo ake fara nuna masa. Silin gashin mutum bai kai kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba, alhali akwai sassan jirgi da kuskuren da aka yarda da shi a cikinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na milimita ba. Don haka sai ɗan koyo ya iya karanta zanen injiniyoyi, ya san ma'anar kowace alama, ya iya riƙe ma'auni ba tare da ya matse shi ko ya sassauta ba. Har zafin ɗaki yana da nasa hukunci. Sandar alminiyam mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100 na milimita duk sa'ad da zafi ya hau da digiri ɗaya. Shi ya sa aka yi ittifaƙi a duniya cewa awo na ƙwarai a kan digiri 20 ake yin sa.

Bayan awo sai aikin hannu da magagari, sa'an nan inji iri biyu waɗanda su ne uwayen sana'ar. Na farko shi ne wanda masu sana'a ke kira tur: ƙarfe yana juyawa, wuƙa tana fere shi. A na biyun kuwa wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen yana ɗaure a kan teburi. Sai ɗan koyo ya saba da waɗannan, kunnensa ya san kukan wuƙar da ta dakushe, idonsa ya san launin ɓarɓashin da ya yi zafi fiye da kima, kafin a kai shi ga manyan injuna waɗanda na'ura mai ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Waɗannan injuna suna bin umurnin da aka rubuta musu ba ƙari ba ragi. In umurnin da kuskure, kuskuren za su maimaita sau ɗari ba gajiya.

Ƙarafan ma ba halinsu ɗaya ba. Alminiyam yana da taushi, yana yankuwa da sauri. Titaniyam kuwa, wanda ya kai kashi 14 cikin 100 na nauyin jikin jirgin A350, yana da taurin kai. Ba ya watsa zafi, sai zafin ya taru a bakin wuƙa ya cinye ta. Ga shi da tsada, kuma sau da yawa mafi yawan dunƙulen da aka ɗora a inji ɓarɓashi yake zama kafin siffar da ake so ta fito. Ma'aikacin da ya ɓata irin wannan dunƙule a sa'ar ƙarshe ya zubar da kuɗi mai yawa da aikin kwanaki.

Darasi na ƙarshe, wanda ya fi sauran wuyar shiga jiki, shi ne rubutu. Kowane sashe na jirgi yana da lamba da takarda: daga wace narka ƙarfensa ya fito, wane inji ya sassaƙa shi, wa ya auna, wa ya sa hannu. Ana koya wa ɗan koyo cewa in ya yi kuskure ya faɗa, domin a wannan sana'a ɓoye kuskure ya fi yin sa muni.

Abin da ƙaramin kuskure ke jawowa

Misali biyu sun isa su nuna dalilin wannan tsanani. Ranar 4 ga Nuwamba 2010, wani jirgin A380 na kamfanin Qantas ya tashi daga Singafo da mutum 469 a ciki. Bayan ƴan mintoci ɗaya daga cikin injunansa huɗu, ƙirar Rolls-Royce, ya tarwatse, ɓaraguzansa suka huda fiffike. Matuƙa sun yi ƙoƙari sun sauke jirgin lafiya. Hukumar bincike ta Ostireliya ta gano cewa tushen abin wani ɗan bututun mai ne, wanda wajen huda shi ramin ya kauce daga tsakiya, har gefe ɗaya ya yi sirantar da ba ta kai rabin milimita ba. Gefen ya tsage, mai ya zuba, wuta ta kama.

Na biyu ya faru a Amurka ranar 5 ga Janairu 2024. Wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Alaska Airlines, mai ɗauke da mutum 177, yana cikin hawa sai murfin da ya toshe gurbin wata ƙofa ya fizge ya faɗi. Ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna cewa an buɗe murfin a masana'anta domin wani gyara, ba a rubuta ba, aka mayar da shi babu ƙusoshi 4 da ke hana shi motsi. A Yunin 2025 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin a kan gazawar kamfanin wajen horar da ma'aikatansa da sa musu ido. A wuri ɗaya awo ne ya kauce, a ɗayan rubutu ne aka tsallake. Su ne kuwa abubuwa biyu da ake fara koya wa yaro.

Yadda doka ta tsara koyo a Faransa

Aparanti a Faransa ma'aikaci ne mai takardar yarjejeniya, wadda shi da maigidansa ke sa wa hannu. Dokar 5 ga Satumba 2018 ta buɗe ƙofar ga masu shekara 16 zuwa 29. Yarjejeniyar takan ɗauki wata 6 zuwa shekara 3, kuma aƙalla rubu'in lokacin a makarantar horo ake yin sa, sauran a wurin aiki. Dole kamfani ya naɗa wa ɗan koyo malamin sana'a, kuma a ƙa'ida malami ɗaya ba ya riƙe fiye da ƴan koyo biyu.

Ana kuma biyan sa. Bisa tsarin da ya fara aiki a 2019, wanda bai kai shekara 18 ba yana karɓar kashi 27 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi a shekarar farko, kashi 39 a ta biyu, kashi 55 a ta uku. A ƙarshen 2024 kason shekarar farko ya kama wajen yuro 486 a wata, wato kimanin jika 320 na sefa. Mai karatu kada ya yi saurin cewa yaron ya yi arziki, domin a babban birni kamar Tuluz hayar ɗaki kaɗai tana iya lashe kuɗin. Kamfanoni kuma suna biyan harajin koyo, wanda aka ƙirƙiro tun 1925.

Abin da annoba ta tona

A 2019 Airbus ya miƙa jirage 863. Da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, adadin ya faɗo zuwa 566 a 2020, kuma a Yunin wannan shekara kamfanin ya ba da sanarwar rage guraben aiki dubu 15. Ƙananan masana'antun da ke yi masa sassa su ma suka rage mutane. Tsofaffin gwanaye da yawa suka yi ritaya, wasu matasa suka koma wasu sana'o'i. Ba a jima ba kasuwa ta farfaɗo. Airbus ya ɗauki mutum fiye da dubu 13 a 2023 kaɗai, amma duk da haka har ƙarshen 2024 bai koma adadin jiragen 2019 ba.

Dalilan suna da yawa, har da ƙarancin injuna da na ƙarafa. Amma ɗaya daga ciki ba ya buƙatar dogon bayani. Ana iya sallamar ma'aikaci a rana ɗaya, ana iya sayen inji cikin watanni, amma mai sassaƙa sai ya yi shekara 3 yana koyo, ya ƙara wasu shekaru kafin a saki masa aiki mai tsada. Kuma duk gwanin da ya tafi, ya tafi da aikinsa, ya kuma tafi da koyarwar da zai yi wa na baya.

Gwamnatin Faransa ta zuba kuɗi domin ƙarfafa koyo. Daga 2020 ta riƙa ba kamfanoni tallafi a kan kowane aparanti, wanda a 2023 da 2024 ya kama yuro dubu 6, kusan miliyan 4 na sefa. Sababbin yarjejeniyoyi, waɗanda suke wajen dubu 300 a 2017, suka haura dubu 800 a 2022. Sai dai mafi yawan ƙarin a manyan makarantu aka same shi, a wajen masu neman digiri, masana'antu kuwa suka ci gaba da kukan rashin masu sassaƙa da masu walda. A 2025, saboda giɓin kasafin kuɗi, aka rage tallafin zuwa yuro dubu 5 ga ƙananan kamfanoni da dubu 2 ga manya. Yawan adadi ya yi kyau a takarda, amma bai kai ga bakin inji yadda ake bukata ba.

Misalin Maroko

A nahiyar Afirka, Maroko ce ta fi yin nisa a wannan fage. A 2011 ta buɗe cibiyar horar da ma'aikatan jiragen sama a Nuwasar, kusa da filin jirgin Kazablanka, ta kuma damƙa tafiyar da ita a hannun ƙungiyar masu masana'antu. Ana horar da matasa gwargwadon guraben da kamfanoni suka nema, suna kai-komo tsakanin aji da wurin aiki. A farkon shekarun 2020 ƙasar tana da kamfanoni fiye da 140 a wannan sashe. Masu zuba jari sun sami hannuwa a shirye, shi ya sa suka zauna.

Ƙasar Nijar ba ta ƙera jirage, ko da yake Yamai tana da makarantar EAMAC tun 1963, wadda ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu duban yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Amma turakun da suka riƙe koyo a Tuluz ba na jirgi kaɗai ba ne: yarjejeniya a rubuce, malami mai alhaki, awo na gaskiya, da asusun da ba ya ƙafewa ranar da kasuwa ta yi sanyi. Injin ban-ruwa da motar ɗaukar kaya su ma suna bukatar wanda ya iya fere ƙarfe daidai. Wannan abin dubawa ne ga masu tsara makarantun fasaha irin lisen Ɗan Kasawa na Maraɗi, da masu riƙe da asusun horon sana'a.

Yaron da ya sa rigar aiki bana, sai bayan shekaru zai sa hannu a takardar sashen jirgi na farko. Ƙasar da ta jira sai bukata ta zo kafin ta ɗauke shi, ta riga ta makara da waɗannan shekaru. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.