Me ya sa cutar dajin baki ke dawowa bayan an yi tiyata?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin mutane dubu 390 ne suka kamu da cutar dajin baki a shekarar 2022, yayin da kimanin dubu 188 suka rasa rayukansu.

Galibi ba ƙarin da ya fara fitowa a harshe ko dasashi ne ke kisa ba. Yaɗuwar cutar zuwa kaluluwar wuya, daga nan kuma zuwa huhu, ita ce babbar matsalar likitoci.

Masana dai na ɗora alhakin hakan a kan wasu 'yan tsirarun ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙarin, waɗanda suke kira ƙwayoyin tushe.

A shekarar 2007, masu bincike a jami'o'in Michigan da Stanford na Amurka sun ware ƙwayoyin da ke ɗauke da wata alama mai suna CD44. Yawanci ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙarin ba, amma da aka dasa su a jikin ɓeraye, su ne suka haifar da sabon ƙari.

Ana ganin irin waɗannan ƙwayoyi sun fi jure wa magani da gashi, don haka ƙarin kan iya ƙanƙancewa alhali saiwarsa na nan da rai.

Batun maiƙo

A ƙarshen shekarar 2016, tawagar Salvador Aznar Benitah a birnin Barcelona na ƙasar Spaniya ta gano cewa ƙwayoyin da ke fara yaɗa cutar suna da wata kafa mai suna CD36, wadda suke zuƙar maiƙo da ita. Da aka toshe kafar a jikin ɓeraye, yaɗuwar ta ragu matuƙa.

A 2021 tawagar ta ce sinadarin palmitic, wanda ke da yawa a cikin manja, ya ƙara wa ƙwayoyin kuzari, saɓanin maiƙon man zaitun.

To sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma binciken bai nuna cewa manja na haddasa cutar ba. Taba da giya ne manyan musabbabanta, ciki har da tabar da ake cusawa a leɓe, irin tumbak ta ƙasar Sudan.

Likitoci na shawartar duk wanda gyambon bakinsa ya wuce mako uku bai warke ba da ya je asibiti.