Wai "Kowa Ya Zo Da Kayansa Masu Kyau" Shi Ne Kwastum?

Mai karatu, kwanakin baya an gayyace ni kallon wani gajeren fim da ɗaliban wata makaranta suka shirya a matsayin aikin kammala karatunsu. Labari ne mai ban tausayi na wata marainiya 'yar talla a ƙauye cikin shekarun 1970. Yarinya na fitowa sai ga ta cikin atamfa sabuwa dal, ko layin ninkin kanti bai baje ba, ga hijabi har ƙasa, ga jan baki raɗau. Inda ya kamata a yi hawaye, sai zaure ya kece da dariya. Da na tambayi daraktan wa ya tsara suturar, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai cewa muka yi kowa ya zo da kayansa masu kyau."

To, a nan gizo ke saƙar. Wannan cuta ba ɗaliban suka ƙirƙiro ta ba, gado suka yi daga industiri. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an samu cigaba a kyamara da sauti, amma har yanzu za ka ga 'yar aiki ta fi uwar ɗakinta ado, don kawai jarumar ba ta yarda a gan ta cikin tsumma ba. Shin labari aka zo bayarwa ko tallar leshi?

Sutura magana take yi tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Tuna da marigayi Usman Baba Pategi: kakin nan kaɗai ya isa ya gaya maka waye Samanja. Hular zanna bukar daban, haɓar kada daban, kowacce da irin mutumin da take nunawa. Hijabi kuwa bai yaɗu a ƙasar Hausa ba sai daga shekarun 1980; kafin nan gyale da lulluɓi aka sani. Wanda ya sa wa 'yar ƙauyen 1970 hijabi, ƙarya ya yi wa tarihi.

Na san za a ce mani, "Ɗalibai ne, ina suka ga kuɗi?" Haba jama'a! Sabon leshi ne ya fi tsada ko tsohon zane? Ga gwanjo jibge a Ƙofar Wambai, ga akwatin kaka a gida. Riga sabuwa ma in ka jiƙa ta a ruwan shayi, ka shanya a rana, ka murza ta da ƙasa, nan take za ta tsufa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tunani.

Aikin daga takarda yake farawa. A zauna da labarin, a rubuta wa kowane ɗan wasa shekarunsa, sana'arsa, garinsa da abin da ke aljihunsa, sannan a jera abin da zai sa a kowace fitowa. A gwada kayan gaban kyamara kafin ranar lokeshin, domin fari fat yana ƙona hoto a rana, ƙananan ratsi suna rawa a allo, sabuwar shadda kuma ƙararta na shiga makirfo. A ɗauki hoton kowace shiga da waya, kada mutum ya shiga ɗaki da jar hula ya fito da baƙa. In za a zuba jini ko ruwa, a tanadi riga biyu iri ɗaya.

Ku kuma malamai, laifinku ba kaɗan ba ne. Muddin makinku na kan kyamara da editin kawai, ɗalibi ba zai taɓa ɗaukar kwastum da daraja ba. Yaran nan su ne furodusoshi da daraktocin gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku nemi takardar tsarin sutura kafin ku ba su kyamara.

Allah ya sa mu gyara, amin.