Zauren Matafiya: Neman intanet a ƙasar Cadi

A wannan wata maganarmu da 'yan'uwa fatake ce, masu tashi daga Garwa da Marwa su ƙetare gadar Kusiri zuwa Njamena, wasu har su zarce Abeshe.

Cadi ba ta da bakin teku, saboda haka intanet ɗinta ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa take shigowa, daga nan Kamaru da kuma Sudan. In waya ta tsinke a hanya, sai gari ya yi tsit. Wani lokaci kuma hukuma ce ke rufewa. Daga watan Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, wato wata 16, an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar, sai mai dabarar VPN kaɗai ke shiga. An dai buɗe tun tuni, amma mai hankali ya riƙe wannan a ransa.

To, da ka sauka, nemi layin Airtel ko na Moov Africa, domin MTN da Orange ba su da reshe a can. Tafi ofishinsu da katin shaidarka ko fasfo, a yi rajista da sunanka. Kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani don gudun bin sahu, domin ran da ya ɓace da kuɗinka a ciki, ba ka da bakin magana.

A Njamena abin da sauƙi. Da an fita gari kuwa, sai a yi tafiya mai nisa waya ba ta kama komai. Ga kuma matsalar wuta, don wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki a ƙasar, kuma wayar da ba caji ai ba ta da amfani. Riƙi batirin ajiya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu barin ciniki duka a cikin waya. Lambar dillali, lissafin bashi, hoton rasit, duk suna WhatsApp. Alhaji, kwafe su a littafi tun kana gida. Ka kuma gaya wa iyali cewa in an kwana uku ba a ji ka ba, kada hankali ya tashi, su aiko da gajeren saƙon tes, wanda sau da yawa yakan shiga inda intanet ta gagara. Ka bar musu lambar mai masaukinka ma.