Keken Boris da Daɓen Siminti

A makon jiya wani ɗalibina ya tarar da ni da yamma a bayan ɗakin karatu, ina bisa allon zamiya, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da Turawa ke kira siketbod. Ya yi turus, can ya ce, "Malam, da girmanka?" Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har gida, ita ce kuma ta haifi rubutun wannan mako.

Ban fara da allon Turawa ba. Da keken boris na fara a Ƙanƙara, wajen ƙarshen shekarun 1980. Mukan roƙi tsofaffin boris a wurin makanikai, mu tsinto guntun katako a rumfar kafinta, mu sassaƙa, mu buga ƙusa. Wanda ya ƙera ba shi kaɗai ke hawa ba, layi ake bi, mai turawa yanzu shi ne mai hawa an jima. Idan hutu ya zo aka kai ni wurin kakanni a Faskari ko wurin gwaggo a Sabuwa, nakan tarar da irin wannan taro da irin waɗannan dokoki, alhali babu babban da ya tsara su. Ba a tambayar ɗan wane ne kai. Abin da ake tambaya shi ne, ka iya shan kwana ba ka kife ba?

Sai da na shiga jami'a na gani a faifan bidiyo cewa wasanmu yana da dangi a duniya. A Kalifoniya ta Amurka ya tsiro a shekarun 1950, inda masu hawan igiyar teku suka maƙala tayoyi a katako domin su sami abin yi ranar da teku ta lafa. Tayoyin farko na ƙarfe ne kamar boris ɗinmu, sai a farkon shekarun 1970 aka fito da tayar roba mai kama ƙasa. Wasan ya yi rassa, amma reshen da ya sace zuciyata shi ne na shimfiɗaɗɗen fili. Ba ya buƙatar tudu ko gangare, daga mutum sai allonsa: ya yi juyi, ya tsaya a kan taya biyu, ya wuntsila allon a iska ya dira a kansa.

Gwanin gwanayen wannan reshe shi ne Rodney Mullen, wanda aka haifa a jihar Fulorida a 1966. Ya yi ƙuruciya a gidan gona, wurin koyonsa kuwa daɓen siminti ne na garejin gidansu. A nan ya yi ta faɗuwa yana tashi, har ya lashe gasa 34 daga cikin 35 da ya shiga. Shi ne ya fito da dabarar yin tsalle da allo daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da sa hannu ba, dabarar da wasan zamani ya ginu a kanta. A 2021 wasan zamiya ya shiga gasar Olamfik a Tokyo, inda 'yar Japan Momiji Nishiya ta ci zinare tana da shekara 13.

Mu ma muna da namu gwanayen. Allon nan mai taya da muka saba ganin masu lalurar shan-inna suna tafiya a kansa, shi suka mayar kayan wasa. A 1988 Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu ana zaune bisa allo, yau kuma jihohi ke fafatawa a cikinta. Duk wanda ya taɓa kallon yadda suke sheƙawa da gudu, su yi birki da tafin hannu, su juya a wuri ɗaya, ya san gwaninta ce ta gaske. Allon da mutane ke kallo da idon tausayi, a fili ana yi masa tafi.

To, mai karatu, ina yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na yau? A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma tsoro bai saki garuruwanmu ba. Muna ƙidaya rayuka da shanu da gonakin da aka bari, kuma ya kamata mu ƙidaya. Abin da ba mu ƙidayawa shi ne yammacin da uwa ta hana ɗanta fita, da dandalin da ya yi tsit, da yaron da ya fi sanin sunayen bindigogi a kan sunayen wasanni.

Na san wani zai ce, ana ta kai wa ke ta kaya? Ba na da'awar katako mai taya zai kori ɗan bindiga daga daji. Wannan aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina tunatar da ita ba. Amma yaro ba ya dakatar da girma har a sami zaman lafiya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Kabul ta Afganistan, cikin tsakiyar yaƙi, wani ɗan Ostireliya mai suna Oliver Percovich ya fara ba yara aron allunansa a 2007. Daga nan aka sami ƙungiyar Skateistan, wadda ta haɗa zamiya da aji, ta jawo yara maza da mata zuwa karatu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Daɓen siminti mai laushi, taki ashirin tsawo, taki ashirin faɗi, a cikin katangar makarantar firamare ɗaya a hedikwatar kowace daga ƙananan hukumomin nan uku. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari za su iya, ba sai an jira Katsina ba. Kafinta da makanike na gari su ƙera allunan, malami ɗaya ya sa ido tsakanin La'asar da Magariba, a ware wa 'yan mata nasu lokaci, a gayyato masu ƙwallon guragu su koyar. Wannan zai kuma ɗauke yara daga kan kwalta, inda hatsarin yake.

Shekara talatin da 'yan kai ina wannan wasa, kuma darasi ɗaya yake maimaita mini: za ka faɗi a gaban mutane, za su yi dariya, sannan su miƙo maka hannu. Ga amsarka ke nan, ɗalibina. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa mu sake jin ƙarar boris a lungunan garuruwanmu. Sai mako mai zuwa.